Finafinan da muka kalla a watannin da aka yanke sabis a Anka

1/ Wani ya ce in lissafo masa finafinan da suka cancanci mutum ya ƙona datarsa ya sauke, tsofaffi da sababbi. Na ce to. Da na zauna rubutawa sai na ga ba zan iya ba shi sunaye tsura ba, dole sai na haɗa da labarin watannin da muka yi ba sabis a Anka. Zaren na da tsawo, a yi haƙuri da ni.

2/ Duk wanda ke Zamfara a 2021 ya san zancen. Ranar 3 ga Satumba aka kashe layukan waya a faɗin jihar, zamanin Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanya. An ce sati biyu ne. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu kuwa sai da Nuwamba ta kusa ƙarewa aka ba da umarnin a mayar mana.

3/ Ba waya kaɗai ba. An dakatar da kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Ba fetur, ba janareta. Wutar lantarki kuwa daman baƙuwa ce a unguwarmu. Ɗan faifan sola guda ɗaya da na saya a Gusau shi ya riƙe gidan, shi ke cajin waya, shi ke cajin fitila.

4/ A gidan akwai Inna, matata, yarana biyu, sai Gwaggo, yayar mahaifina, da jikokinta uku. Sun baro ƙauyensu ta wajen hanyar Bagega a watan Agusta. Autanta aka ɗauka a gona. An kira ta sau biyu, an faɗi kuɗi, ana cikin ciniki ke nan sabis ya ɗauke.

5/ 'Yar ƙaramar wayarta mai maɓallai ita aka sani da lambar. Kullum da safe sai ta miƙo min ita in sa a caji. Na yi mata bayani fiye da sau goma cewa ko ta cika taf ba abin da zai shigo. Sai ta ce, "Sa dai, ɗana." Ni kuma in sa.

6/ Dare ne matsalar. Daga an yi Isha'i an ja ƙofa, ba fita, ba hira a waje. Mutum tara a tsakar gida, kowa na saurarar ko zai ji ƙarar babur. A nan na tuna ina da memori mai giga 32, rabinta cike da abin da na sassauke da datan dare tun kafin a yanke.

7/ Darasi na farko, kuma na sha shi da zafi: abin da ka sauke a cikin manhajar YouTube ko Netflix ba naka ba ne, aro ne. Idan waya ta daɗe ba ta gaisa da intanet ba sai ya kulle. Ina ji ina gani aka rufe min kusan komai da ke can. Abin da ke kan memori a matsayin fayil shi kaɗai ya tsaya da ni.

8/ Sauran kuwa ƙanena ne. Yana jan motar haya, ya bi ta Mayanci ya shiga Sakkwato. In rubuta masa sunaye a takarda, ya kai wa mai turi a tasha, ya dawo da memori da kuma saƙonnin rabin unguwa da ya kira wa 'yan uwansu. Mukan jingina waya a cikin kwanon sha, don kwano na ƙara sauti, kowa ya matso.

9/ Da Sholay na fara, kuma kuskure na yi. Fim ɗin 1975 ne na Ramesh Sippy, ya fi awa uku. Amitabh Bachchan da Dharmendra, wanda iyayenmu ke kira Sarkin Ƙarfi, sai Amjad Khan a matsayin Gabbar. Marigayi Baba ya kalle shi a sinima a Gusau yana saurayi, har ya rasu yana ba da labarinsa kamar da shi aka yi.

10/ Ni a kaset na fara ganinsa ina yaro, a ɗakin wani maƙwabcinmu. Abin da na riƙe a kai shi ne barkwanci, da babur mai ɗan akwati a gefe, da surutun Basanti. Wallahi na manta sam cewa labarin ƙauye ne da ɓarayin daji suka aza wa haraji.

11/ Da aka zo wurin da yaran Gabbar suka shigo Ramgarh, mutanen gari na fito da hatsi suna ajiyewa, na saci kallon Gwaggo. Ko gezau. Sai cewa ta yi, "Waɗanga nasu da sauƙi. Bisa dawaki suka tahowa, kana jin su tun nesa. Mu ma sai da munka kai buhu-buhu sannan anka bari munka yanke gero."

12/ Aka ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Na ce shi ke nan, ta ɗauke shi wasa. Sai ga wurin limamin nan makaho, da aka kashe ɗansa aka ɗoro gawar a kan doki aka koro ta cikin gari, shi kuma yana lalube yana tambayar abin da ya sa kowa ya yi shiru.

13/ Gwaggo ta tashi, ta naɗe tabarmarta, ta shige ɗaki. Ba ta ce komai ba. Inna ta dube ni irin kallon da ta daina yi min tun ina firamare. Na kashe.

14/ Amma ba wannan ya sa na cire shi daga wayar ba. Washegari na dawo daga makaranta na tarar da yaran biyar a soro suna wasa. Babban jikan Gwaggo, ɗan shekara tara, ya rataya kara a kafaɗa, sauran na kawo masa ƙasa a murfin kwano wai haraji. Ba wanda ya yarda ya zama Amitabh. Kowa Gabbar yake so.

15/ Kada a fahimce ni ba daidai ba. Sholay babban fim ne, ka sauke shi, ka kalla. Ina dai gaya maka ka duba waye ke zaune a tabarmar kafin ka danna.

16/ Wanda ya gyara min ɓarnar ban taɓa zaton shi ba ne. Charlie Chaplin. The Gold Rush, 1925, baƙi da fari, ba magana. Na sauke shi ne tun da daɗewa daga Internet Archive saboda ba shi da nauyi, kuma ya tsufa har haƙƙin mallakarsa ya faɗi a Amurka, ba ka ci haƙƙin kowa ba.

17/ Fim marar magana ba ya bukatar mai fassara. Gwaggo ba ta karatun boko, ba ta jin Turanci, amma ba abin da ya wuce ta. Mutum ya tafi neman zinare cikin ƙanƙara, yunwa ta ci shi, ya dafa takalminsa, ya zauna da cokali da wuƙa yana ci cikin natsuwa, yana tsotsar ƙusoshi kamar ƙashin kaza.

18/ Ranar na fara jin dariyar Gwaggo tun zuwanta. Har da tari. Ta ce, "Wanga ɗan haƙo na, na san irinsu. Su tai neman zinari su dawo ba ko wando." Daga ranar sunansa a gidanmu Mai-cin-takalmi.

19/ Kuma ta san abin da take faɗi. Mu a Anka da Bukkuyum zinare ba tatsuniya ba ne. A 2010 gubar dalma daga dutsen da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a su Dareta, Abare, Yargalma da maƙwabtansu. An hana haƙo a 2019, an ɗage a ƙarshen 2024. Chaplin ya yi arziki a ƙarshen nasa fim ɗin. Namu yawanci tari suke dawowa da shi.

20/ Mun kalli The Kid ma, na 1921, amma shi na tsallake wurin da ake fizge yaron a jefa a mota. Na riga na koyi hankali. Daga lokacin ba na kunna wa gida abin da ban fara kalla ni kaɗai ba.

21/ Mother India kuwa Inna ce ta nema da bakinta. 1957, Mehboob Khan, Nargis a matsayin Radha. Na ce Inna, akwai ɗan fashi a ciki fa. Ta ce ta sani, ta riga ni saninsa, in sa. Gwaggo ta ce ita ma za ta gani. Dare biyu muka yi a kansa saboda caji.

22/ Ga wanda bai sani ba: mace ce da bashin mai ba da kuɗi da ruwa, Sukhilala, ya cinye mata gona, miji ya rasa hannuwa ya bar gida, ambaliya ta kwashe saura. Ta reni 'ya'ya da garma a kafaɗa. Ɗaya ya tashi mai haƙuri, ɗayan, Birju, ya tashi da wuta a ciki, ya shiga daji. Ranar da ya dawo ya ɗauke 'yar mai bashin, uwar ce ta harbe shi da hannunta.

23/ Muhawarar da ta biyo baya ta fi fim ɗin tsawo. Matata ta ce ƙarya ce ta 'yan fim, ba uwar da za ta iya. Inna ta ce akwai, amma ba za ta ƙara lafiya ba har ta mutu. Gwaggo ta daɗe shiru, sannan ta ce cikin yaran da suka ɗauki ɗanta akwai wanda ta san uwarsa, shekara da shekaru tana sayen nono a wurinta.

24/ Ta ce, "Ba daga sama sunka hwaɗo ba. Ita ma tana can tana kwana ido biyu." Ban taɓa jin wani a rediyo ko a nan ya faɗi zancen haka ba. Kuma ba ta faɗa don ta yafe ba, na san ba ta yafe ba.

25/ Akwai wanda ni kaɗai na kalla, da abin kunne, bayan kowa ya kwanta. Seven Samurai na Akira Kurosawa, Japan, 1954. Kusan awa uku da rabi, sai ka iya bin rubutun ƙasa. Manoma sun ji ɓarayi na cewa za su dawo bayan girbi, suka je birni suka nemo mayaƙa bakwai, ladansu shinkafa ce kawai. A jikinsa Sholay ya ɗebi wuta.

26/ Abin da ya fi Sholay da shi: bai mayar da manoman waliyyai ba. An gano sun taɓa kashe mayaƙan da suka gudo daga yaƙi sun ɓoye sulkensu. Akwai wurin da aka kama ɓarawo ɗaya da rai, yana roƙo, wata tsohuwa da aka kashe wa dangi ta taho da fartanya, ba wanda ya iya tsayar da ita.

27/ Duk wanda ya ga yadda zancen 'yan sa-kai ya faro a yankinmu da inda ya kai, zai zauna daram a wurin nan. Da za a tambaye ni, da na ce a nuna wa Askarawan Zamfara shi tun a wurin horo. Huɗu cikin bakwai ɗin ba su kai ƙarshen fim ɗin ba.

28/ Na yara kuwa, bayan Mai-cin-takalmi, ba kamar Children of Heaven. Na Iran ne, 1997, Majid Majidi. Yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suna tsoron gaya wa uba saboda ba kuɗi, suka koma karɓa-karɓa da nasa, ita da safe shi da rana. Ya shiga gasar gudu yana neman ya zo na uku, don kyautar na uku takalmi ce. Ba zan faɗi na nawa ya zo ba.

29/ Ba bindiga, ba rawa, ba abin da za ka yi saurin kai hannu ka wuce a gaban surukai. Irin wannan na da wuyar samu. Lion of the Desert na Umar Mukhtar ba sai na faɗa ba, ba gidan da ba a san shi ba a Arewa.

30/ To namu na gida fa? Mun kalli Sangaya da Wasila, matata na bin waƙoƙin tana tuna 'yanmatanci, Fati Muhammad da Ali Nuhu suna yara shar. Amma hoton ya mutu. Daga kaset aka kwafa zuwa faifai, daga faifai zuwa waya, fuska ta koma kamar an shafa mata toka. Fim ɗin Chaplin mai shekara ɗari ya fi na 2000 fitowa tas. Abin na ci min rai.

31/ Ibro, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a Disambar 2014 amma shi ya riƙe mana darare da yawa. Sai Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, 'ya'ya sun yi wa dukiyar uba zobe yana raye. Labarina na Aminu Saira ma mun bi, duk da ni ina ganin masu dogon zango sun koyi jan abin da zai ƙare a awa biyu ya kai wata shida.

32/ Ga wata magana da ba na so amma dole. Kuɗin da ake ba mai turi, ko sisi ba ya kai wa wanda ya yi fim ɗin. Kasuwar faifai ta Kano haka ta mutu. A lokacin ba mu da zaɓi. Yanzu da akwai sabis, na Hausa ina kallonsu a tashar masu su a YouTube, ko da a 360p ne. Na san data ta ƙara tsada tun 2025, amma su ma abinci suke ci.

33/ Bayan sabis ya dawo na nemi sababbi masu nauyi. Timbuktu na Abderrahmane Sissako, 2014: saniyar makiyayi ta shiga komar masunci, rai ya salwanta, masu bindigar da suka kama gari suka zauna shari'a. Akwai wurin da aka hana ƙwallo, samari suka buga wasa cikakke ba ƙwallon, har da murnar ci. Na maimaita wurin ya fi sau biyar.

34/ The Milkmaid, 2020, na Desmond Ovbiagele, yawancinsa da Hausa, a Taraba aka ɗauka, Maryam Booth ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi a Kannywood ba. 'Yar Fulani mai tallar nono na neman 'yar uwarta da masu tada ƙayar baya suka ɗauke. Mai kyau ne. Ban nuna wa kowa a gidanmu ba, kuma ba ni da niyya.

35/ Shi ma labarin gabas ne. Namu na yamma, na harajin noma da cinikin rai a waya, ban ga wanda ya yi masa fim ɗin da ya kai ba. In an sa ɗan bindiga a fim ɗin Hausa sai ka ga wani da rawani sabo fil yana zare ido. Wanda ya taɓa jin muryarsu a waya ya san ba sa ihu. A hankali suke magana, har gaisuwa suke yi.

36/ Na san haka ne don ni na ɗauki wayar Gwaggo ranar da ta yi ƙara, kwana huɗu bayan dawowar sabis. Tana kan sola, cike taf kamar kullum. Gona ɗaya da shanun huɗa biyu suka tafi. Ya dawo a Disamba, ƙafafu a kumbure, ba ya son a rufe ƙofa yana ciki.

37/ Har yau in aka harba bindiga a fim tashi yake yi. Gidan Badamasi yake kallo, ya kalli zango ɗaya ya sake maimaita shi. Da suka koma wani gida da suka kama a cikin gari, abin da Gwaggo ta ce in tura wa jikanta a waya guda ɗaya ne, Mai-cin-takalmi.

38/ Saura ɗaya da nake nema ban samu cikakke ba: Shehu Umar, 1976, na Adamu Halilu, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ne Shehun. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai a Jos a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018.

39/ Wanda ya karanta littafin a makaranta ya san me ke ciki. An sace yaro daga Kagara, ya faɗa bauta, aka ƙetare Sahara da shi. Uwar ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita. Sun haɗu a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta cika. Turawan Berlin sun zauna a kujera sun kalla da Hausarmu, ni ina Anka ina bin guntaye.

40/ Duk wanda ya san inda ake samunsa ta halal, ko na biya ne, don Allah ya ajiye min a ƙasa. Ni kaɗai zan fara kalla, da abin kunne. Ko zan kai wa Gwaggo, wannan sai na gani tukuna.